Ranar da rumbun bayanai ya cushe: jawabi kan layin saƙonni



 Na gode wa waɗanda sunka shirya wanga zama, na gode muku da kunka baro harkokinku kunka zo. Na ga wasu sun taso tun daga Tibiri da Matankari, Allah ya maida kowa gida lafiya. An ce in yi magana kan wani abu daga cikin sana'ata ta rubuta manhaja, sai na zaɓi abin da ya taɓa ba ni kunya a garin nan, don abin da ya ba mutum kunya shi ya fi riƙewa. Sunansa layin saƙonni. Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba kada ya tashi, maganar ta shafe shi. Yau sunan kowa a cikinmu yana cikin wata kwamfuta, ko ta makaranta, ko ta asibiti, ko ta zaɓe, ko ta kamfanin waya.

Bari in fara da abin da munka sani duka. Duk ɗan Dogon Dutsi ya san abin da ruwan sama ke yi idan ya sauko da ƙarfi cikin watan Agusta. Ruwan da gona za ta sha cikin kwana uku ta ƙoshi, shi ne ke gangarowa daga kan duwatsu cikin rabin awa, ya ci hanya, ya shiga gidajen mutane. Ƙasarmu tana iya shanye ruwan, zuwansa gaba ɗaya ne ke kawo ɓarna. Shi ya sa ake jera duwatsu a gangare, ake haƙa rabin wata, don a tsaida shi ya nutse a hankali. Ku riƙe wanga misali, za mu komo kansa.

Wata shekara bayan girbi, wata ƙungiyar masu noman rani ta nemi in taimaka mata. Kun san yankinmu da dankalin turawa. Irin daga nesa yake zuwa, ba ya isar kowa, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne: wanda bai shuka ba da shigowar sanyi, zafi zai riske shi kafin dankalin ya ƙosa. Da can a kaye ake rubuta sunayen masu so, kowane wakili da nashi, sai a zauna kwana da kwanaki ana haɗawa. Na ce musu ai wannan aikin da ne, zan yi muku manhaja a salula. Wakili zai shiga ƙauye, ya rubuta sunan manomi da buhun da yake so, ya ɗauki hoton katinsa, in ya samu rezo ya tura. Na gwada da wayata ta yi aiki. Na gwada da waya uku ta yi aiki. Na kwana ina jin kaina.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin mutanenmu da halin rezonmu. Wakilan sun yi kwanaki a ƙauyukan da rezo ba ya kamawa sosai, takardun rajista sun taru a wayoyinsu. Ranar kasuwa sunka shigo gari gaba ɗaya, ranar kuma ita ce ta ƙarshe. Bayan la'asar kowa ya zauna gindin bishiya ya danna tura. Abin da na zata zai riƙa zuwa ɗai-ɗai cikin sati biyu, ya zo cikin ƴan mintoci.

Ranar rabo wani dattijo ya zo daga wani ƙauye ta wajen Kiyeshe, ya biya kabu-kabu da kuɗinsa. Anka duba takarda, babu sunansa. Anka nuna masa ni, anka ce ga mai na'urar. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, ai a gabana yaron ya danna, ya ce mini ya tafi. To ina ya tafi?" Na ce: "Baba, ka yi haƙuri, bari in duba." Na duba har magariba. Sunan ba ya cikin rumbu, ba ya cikin wayar wakilin. A takardar nan kuwa akwai mutanen da sunansu ya fito sau biyu, har da mai sau uku. Wallahi ranar nan na so ƙasa ta tsage in shige.

To mi ya faru? Sai mun fahimci abin da ake kira rumbun bayanai tukuna. Manhaja ce da ke kan wata kwamfuta, wadda ake ce wa uwar garke, aikinta ajiye bayanai cikin tsari. Karantawa daga cikinsa abu ne mai sauƙi, mutum ɗari na iya leƙawa lokaci guda. Rubutu shi ne mai nauyi. Kafin rumbun ya ce ya rubuta suna ɗaya, sai ya duba ko bayanin ya cika ƙa'ida, ya gyara jerin da yake amfani da shi wajen nemo sunaye da sauri, sannan ya tabbatar abin ya sauka kan faifai, yadda ko wuta ta ɗauke ba zai ɓace ba. Idan kuma rubutu biyu za su taɓa wuri ɗaya, dole ɗaya ya jira ɗaya. A manhajata kowace rajista sai ta rage adadin buhunan da sunka saura, wato kowa wuri ɗaya yake son taɓawa.

Rumbun da na yi amfani da shi sunansa SQLite. Rumbu ne mai kyau, yana cikin kusan kowace salula da ke hannunku yanzu, amma marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda. Ko manyansa suna da iyaka: PostgreSQL, idan ba a taɓa saitinsa ba, haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda. Da saƙonni sunka yi yawa, rumbuna ya fara amsawa da cewa a kulle yake. Wasu wayoyin sunka gaji da jira sunka sake turawa, alhali na farkon ya riga ya shiga, sai suna ya fito sau biyu, cunkoson kuma ya ƙaru. Wasu kuwa, saboda kuskuren da na yi da hannuna, da zarar sun tura sai su goge takardar daga waya ba tare da jiran amsa ba. Ta nan sunan Baba ya faɗi. Laifin ba na rumbu ba ne, nawa ne. Na buɗe wa ambaliya ƙofa kai tsaye zuwa cikin ɗaki.

Maganin da masu wanga sana'a sunka daɗe da sani shi ne a sa wani abu tsakanin masu aikowa da rumbu. Aikin ya kasu uku. Akwai mai aikowa, wato wayar wakili. Akwai layi, wanda aikinsa ɗaya tak: ya karɓi saƙo, ya ajiye shi a bayan na baya, ya ce na karɓa. Ba ya bincike, ba ya lissafi, shi ya sa yake da sauri ƙwarai. Sai magatakarda, wata ƙaramar manhaja da ke ɗaukar saƙo daga gaban layi, ta kai rumbu, ta jira a rubuta, sannan ta komo ta ɗauki na gaba. Magatakarda shi ke tsaida saurin aiki daidai da ƙarfin rumbun. Idan kun taɓa zuwa asibiti da asuba kun ga ana jera kati a kan tebur, kun ga wanga tsari da idonku. Likita ɗaya ne, ba ya iya ganin mutum hamsin lokaci guda, amma karɓar kati hamsin ba ya ɗaukar minti biyar, kuma wanda ya ajiye katinsa yana iya zuwa ya zauna a inuwa.

Mu yi ɗan lissafi, lambobin misali ne. Mu ƙaddara rumbunka yana iya rubuta takarda 20 a daƙiƙa ɗaya. Sai takarda 6,000 sunka zo cikin minti ɗaya. In babu layi, cikin mintin nan 1,200 kawai zai rubuta, sauran 4,800 za su koma da kuskure, su sake dawowa su danne waɗanda ke bayansu. In akwai layi, duka 6,000 an karɓe su a mintin nan, magatakarda ya bi su a hankali, cikin daƙiƙa 300, wato minti 5, ya gama. Rumbun bai ƙara ƙarfi ba, ba ka sayi sabuwar kwamfuta ba. Jeren duwatsu ne kawai ka yi a gangare.

Wanga ilimi ya girmi kwamfuta. A shekarar 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, da ke aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, ya wallafa bincike kan yadda kiran waya ke zuwa ba bisa tsari ba, wani lokaci tsit, wani lokaci tuli. Daga aikinsa ilimin lissafin layi ya samo asali. Daga baya kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja mai suna Erlang don na'urorin haɗa kiran waya. Da wanga harshe anka rubuta RabbitMQ, ɗaya daga cikin manhajojin layin saƙonni da sunka fi shahara, wadda ta fito a 2007. Kafka kuwa a kamfanin LinkedIn anka gina ta, anka sake ta ga kowa kyauta a 2011.

Ku ma kullum kuna cikin layin nan ba ku lura ba. Ka tura wa ƙaninka saƙon SMS wayarsa a kashe, saƙon ya zauna a cibiyar kamfanin waya, da ya kunna sai ya shigo. A WhatsApp, in babu rezo za ka ga alamar agogo, saƙon yana jira a wayarka. Alama ɗaya na nufin ya isa uwar garkensu. Alama biyu na nufin ya isa wayar mutumin. Waɗanda sunka taɓa aikin ƙidaya da ƙungiyoyin agaji sun san KoboCollect da ODK Collect: kana cika takardu a daji babu rezo, suna nan ajiye a waya har ka samu hanya. Da na tsaya na kalli abin da ke aljihuna da kyau, da ban kunyata ba.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a sa layi shi ke nan an huta. Layi yana da sharuɗɗa, wanda ya bar su zai yi asarar da ta fi tawa. Zan kawo shida.

Na ɗaya, layin ya zauna kan faifai. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa mai sauri wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke, tana da faifai mai riƙewa. Wasu manhajojin, kamar Redis, a ƙwaƙwalwa suke aikinsu, sai ka saita su su riƙa sauke abin a faifai. Ko RabbitMQ sai ka gaya mata cewa layin da saƙonnin masu ɗorewa ne, in ba haka ba tana sake tashi ka tarar da wayam. Mu ba sai an yi mana wa'azi kan kuran ba. Kun tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasar nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Duk manhajar da za ka rubuta a Nijar, ka rubuta ta da sanin cewa wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar aiki.

Na biyu, kada a goge sai an ji amsa. Waya ba ta goge takarda sai layi ya ce na karɓa. Layi ba ya goge saƙo sai magatakarda ya ce rumbu ya rubuta. In magatakarda ya mutu a hanya, saƙon ya koma layi wani ya ɗauka. Ɗan aike na kirki ba ya ajiye kuɗi a bakin ƙofa ya juya, sai ya damƙa a hannu. Wanga sharaɗi kaɗai da na kiyaye, da sunan Baba bai ɓace ba.

Na uku, kowane saƙo da lambarsa. Sharaɗi na biyu yana haifar da wata matsala: wani lokaci rumbu ya rubuta, amma amsar ta ɓace a hanya, sai a sake turo saƙon. Ba yadda za ka hana wannan kwata-kwata. Abin da za ka yi shi ne tun a waya, lokacin da ake cika takardar, a ba ta lambar da babu mai irinta, a kuma gaya wa rumbu kada ya karɓi lamba ɗaya sau biyu. Saƙo ya zo sau goma, sau ɗaya za a rubuta. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi a Nita ko Amana ya san kowane aike da lambarsa, kuma lambar da anka biya ba a sake biyanta.

Na huɗu, a rubuta dami-dami. Ba wanda ke kai gero rumbu zangarniya ɗai-ɗai, ɗaurewa ake yi. Abin da ya fi cin lokaci a rubutu shi ne tabbatar da saukarsa kan faifai. In magatakarda ya tara takarda 500 ya miƙa su a aiki ɗaya, sau ɗaya za a yi wanga tabbatarwa maimakon sau 500. A nan ne layi ke ƙara wa rumbu sauri da gaske, don shi ke ba ka damar tarawa.

Na biyar, a tanadi kwandon waɗanda sunka gagara. Wata takardar za ta zo a lalace, hoto ya yanke ko an bar wani gurbi. In magatakarda ya tsaya yana ta gwada ta, duk na bayanta sun tsaya, kamar kamyo ɗaya da ya lalace a kan gada. In kuma ya jefar da ita, an jefar da mutum. Sai a gwada sau uku ko biyar, ana ƙara tazara tsakani, in ta ƙi a sa ta a kwando na dabam. Kwandon nan dole a samu mutum mai suna da zai riƙa buɗe shi kullum. Kwandon da ba mai dubawa da shara duk ɗaya ne.

Na shida, a sa ido kan tsawon layi. Layi yana maganin ambaliya mai zuwa ta wuce. Ba ya maganin kogin da ya fi ƙarfin gada kullum. Mu koma lissafinmu: rumbu na rubuta 20 a daƙiƙa, amma yini guda 25 ke shigowa. Kowace daƙiƙa 5 na taruwa, cikin awa ɗaya 18,000 ke nan, kuma ba ranar da zai ragu. Daga waje komai lafiya, kowa ana ce masa an karɓa, har ranar da faifai zai cika. Don haka ka riƙa auna abu biyu: saƙo nawa ke jira, kuma wanda ya fi daɗewa tun yaushe yake jira. In ka ga suna hawa ba sauka, ko ka ƙarfafa rumbu, ko ka rage masa aiki, ko ka fito fili ka ce wa masu aikowa su dakata.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na ce maganar ta shafi har wanda bai san kwamfuta ba. Da zarar ka sa layi, ka raba kalma ɗaya gida biyu. Da "ya tafi" kawai ake cewa. Yanzu akwai "an karɓa", akwai "an rubuta", kuma tsakaninsu akwai lokaci, ko daƙiƙa biyu ko awa biyu. Mai manhaja yana da zaɓi: ya nuna wa mutum gaskiyar inda takardarsa take, ko ya nuna masa koren tambari ya sallame shi. Ni yanzu duk abin da na gina, mataki uku yake nunawa: tana cikin waya, an karɓa tana jira, an rubuta ga lambarka. Sai an kai na ukun wakili ke da izinin ce wa manomi ya shiga.

Ku dubi abin da ya faru a maƙwabta. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Najeriya ta yi zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisar tarayya a rumfuna sama da 176,000. Hukumar INEC ta yi alkawarin cewa za a ɗauki hoton takardar sakamakon kowace rumfa da na'urar BVAS, a ɗora a shafin IReV kowa ya gani. Ranar zaɓen sakamakon ƴan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa har dare. A rahoton da ta fitar daga baya, hukumar ta ce kuskure ne a tsarin manhajar. Ban zo in yanke hukunci kan zaɓen wata ƙasa ba, kuma matsalar tasu ba irin tawa ba ce sak. Abin da nake so ku gani shi ne awannin da mutane sunka yi suna kallon shafi ba bayani. Cikin awannin nan kowa ya cika gurbin da zarginsa, kuma bayanin da ya zo daga baya bai goge zargin ba. Jinkiri mutane na iya haƙuri da shi in an gaya musu inda abinsu yake da lokacin da zai fito.

Akwai kuma wata tambaya da kwamfuta ba ta iya amsawa, sai mutane. Layi yana jera saƙonni bisa lokacin da sunka iso gare shi. To wa ke riga isowa? Wanda ke zaune inda rezo ke da ƙarfi. Manomin Sukukutan ko Dogon Kiriya da anka rubuta tun da hantsi, wayar wakilinsa ba za ta samu hanya ba sai dare, ko sai gobe. Ɗan cikin gari da anka rubuta da la'asar ya riga shi shiga. In ka ce wanda ya riga shiga shi ke samun iri, ka ba birni ka hana ƙauye, kuma ba wanda zai ga hannunka, kowa zai ce na'ura ce. In ka ce a bi agogon waya, agogon waya na iya yin kuskure, ana kuma iya juya shi. Abin da munka yi a shekarar da ta biyo shi ne: layi aikinsa ya kawo sunan kowa lafiya, a rufe rajista, a jira har wayar ƙarshe ta sauke kayanta, sannan ƴan kwamitin ƙungiya su zauna su yi rabo bisa ƙa'idar da mambobi sunka yarda da ita a bainar jama'a. Kada ku bari tsarin isowar saƙo ya zama dokar rabon arziki ba tare da kowa ya zaɓe shi ba.

Ga ƴan uwana masu rubuta manhaja, shawara biyu. Ta farko, ba kowane aiki ke shiga layi ba. Abin da mutum ke buƙatar amsarsa nan take kafin ya ɗaga ƙafa, kamar ko akwai kuɗi a asusunsa kafin a miƙa masa kaya, ko kujerar nan ta motar Yamai an sayar ko ba a sayar ba, wannan a tambayi rumbu kai tsaye. Layi na aikin da ke iya jira ne: rajista, hotuna, rahoton wata, saƙon sanarwa. Ta biyu, kada ku ɗauko gatari don yanka albasa. Na san daɗin faɗin cewa da Kafka kake aiki, amma an gina ta ne don kamfanonin da saƙonninsu ba su ƙirguwa, kuma kula da ita aiki ne mai zaman kansa. Ƙungiyar manoma ko makaranta ko ƙaramin asibiti, tebur ɗaya a cikin PostgreSQL ya ishe su layi: saƙo ya shigo a ajiye shi ɗanye yadda ya zo, magatakarda ya bi daga baya ya yi aiki mai nauyin. Tun fitowar 9.5 a 2016 PostgreSQL ke da hanyar da magatakarda da yawa za su riƙa ɗauka daga tebur ɗaya ba tare da sun yi karo ba. In aiki ya girma ka koma RabbitMQ. Kuma kafin ranar aiki ku gwada da mugunta: ku turo takardun ƙarya dubu goma lokaci guda, ku zare wayar wuta a tsakiya, ku kashe rezo, sannan ku ƙirga abin da ya shiga. In dubu goma sunka tafi, dubu goma za ku tarar, ba ƙari ba ragi. Ni da waya uku na gwada, kun ji inda ta kai ni.

Ga sauran jama'a kuwa, duk ranar da anka zo unguwarku ko ƙauyenku da salula ana rubuta sunaye, na tallafi ne, na taki ne, na jarrabawa ne, kuna da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi. Sunana yanzu yana ina, cikin wayarka ko ya isa? Wace shaida zan riƙe, lamba ko tike? In ranar rabo ba a gan ni ba, wa zan nema, kuma ina za a duba? Wanda ya gina abinsa da kyau yana da amsar ukun nan a bakinsa. In kun raka tsohonku ko tsohuwarku, ku ne za ku yi musu tambayar, don su kunya ba ta barinsu.

Na san kuna son jin ƙarshen zancen Baba. Allah ya taimake ni, wakilin nan bai yarda da na'urata ɗari bisa ɗari ba, ashe yana rubuta kowane suna a kayensa kafin ya danna. Da kayen munka gano Baba da sauran waɗanda sunka faɗi. Amma kafin a gama tantancewa an riga an raba mafi yawan irin, abin da ya samu bai kai abin da ya nema ba, kuma ya shuka a makare. Na je har gida na ba shi haƙuri. Ya ce: "Ba komai ɗana, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Amma gaba in za ku rubuta mutum, ku ba shi wani abu ya riƙe a hannu." Tun ranar ba na sakin manhaja sai tana ba mutum lambarsa, kuma ba na hana kowane wakili riƙe kayensa.

Nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi. Waɗanda sunka zo da kwamfuta su dakata bayan an tashi, za mu gina ƙaramin layi tare, mu cika shi, mu zare masa wuta, mu ga abin da zai saura. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku gyara mini.